Gyaran da Tabawa Ta Karɓa a Hannun Aljani

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a Birnin Zungurmi mai ƙofofi tara, an yi wata bazawara mai sayar da koko, sunanta Tabawa, wadda ta rasa barcin safiyarta har abada, ta sami sarki a madadinsa. Ita dai har ta bar duniya tana cewa an cuce ta a cinikin.

Sarkin ƙasar, Tunau, a shekarar da abokan gaba suka kewaye ganuwa, ya sayar wa wani aljani mai suna Ƙundumi asubahinsa, don ya riƙa kwana ido biyu yana tsaron gari. Yaƙi ya ƙare, barci bai koma mazauninsa ba: sarki ba ya runtsawa sai zakara ya yi cara, ba ya farkawa sai la'asar. Fadawa suka bi sarki, talakawa suka bi fadawa, gari ya koma sai ka ce na jemagu. Koko kuwa abin safe ne. Kullum Tabawa ta dama, ya huce, ya yi tsami, ta juye wa awaki.

Ran nan ta kutsa fada, ta durƙusa da gwiwa ɗaya kawai, ta ce, "Allah ya ja zamaninka, in ka tashi ka gan shi. Barcinka ya kashe mini sana'a."

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Ke mai baƙin baki, bokaye goma sha biyu sun gaza. Je ki karɓo mini asubahina. In kika gaza, a fasa tukunyarki, a fitar da ke bayan ganuwa."

Ta sami Ƙundumi da tsakar rana a bakin wata busasshiyar rijiya, ya rungume tulun tagulla wanda ya tsare asuba a ciki. Ya ce, "Ke 'yar Adam mai warin gasara, ludayi ɗaya zan ba ki, ki ba ni barcin safiyarki har ƙarshen ranki."

Ta yarda, ya auna, ta ƙi janye ƙwaryarta. "Ina gyara?"

"Mene ne gyara?"

"Kai la'ananne, ba ka taɓa shiga kasuwa ba? Ko mai tattasai in ya auna yana ƙarawa. Zan shaida wa aljanu kaf cewa babbansu marowaci ne."

Girman kai ya ɗebe shi, ya rantse da wutar da aka halicce shi da ita zai yi ta yi mata gyara har sai ta ce ya isa. Tabawa kuwa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ce wa mai awo ya isa ba. Kullum sai ta komo da ƙwaryarta, yana zagi yana zubawa.

Kowane ludayi ta juye a kokon sarki, washegari ya farka da wuri kaɗan fiye da jiya. Ta ƙwace masa goro daga azahar, ta wangale tagogi rana ta daki idonsa, in ya fara gyangyaɗi ta sa turmi a gindin bango ta yi ta daka. Sau uku yana kiran hauni ya sare ta, sau uku yana fasawa. A rana ta arba'in tulu ya ƙare, sarki ya riga ladan tashi, kasuwa ta ci da hantsi.

Aka tara fada. Sarki ya ce, "Na ba ki zinariya cike da masaki."

"Albarka."

"Na ba ki gari guda da gonakinsa."

"Albarka."

Ya cije leɓe ya ce, "To, na aure ki, ko na huta da turminki."

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, kamar mai duba rago a kara, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan zauna a kulle ba, tukunyata tana nan a bakin kasuwa. Kullum asuba kai za ka tashi ka hura mini wuta da bakinka. A haka, na sallama."