Ƙodar Tsahara

Ya 'yan uwa, ni mai tsoron allura ne. Ko ta rigakafi sai na kau da kai ina salati. To yau matsoracin ne zai yi muku maganar wuƙar likita, ku yi haƙuri.

An yi wani mutum a Sabon Garin Maraɗi mai sayar da maganin gargajiya a kwalba. Ƙodojinsa suka mutu. Likita ya ce sai dashe, kuma masu jira sun yi yawa, masu bayarwa babu. Ƙanwarsa Tsahara, mai noman zogale a Jiratawa, ta ce, "Yaya, biyu gare ni, ɗauki ɗaya." Aka kai su ƙetare, aka yanka ta, aka dasa masa, ya tashi.

Da ya dawo Maraɗi, jama'a suka yi ta tambayar me ya sha. Ya dubi kwalabensa, ya dubi taron, ya ji nauyin a ce mai magani mace ce ta cece shi. Ya ce, "Wannan na sha."

Kasuwa ta buɗe. A Tibiri akwai wani Idirisa da ɗan'uwansa ya riga ya yarda zai ba shi ƙoda. Da labarin ya iso, dangi suka ce ina dalilin yanka lafiyayye alhali ga kwalba? Aka fasa. Idirisa bai ga damina ba.

Tsahara ta zo ta ce, "Yaya, ba godiya nake nema ba. Ka dai sha ƙwayoyin asibiti, amanata ce a cikinka." Amma wanda ya ce kwalba ta warkar da shi, yaya za a gan shi da ƙwaya? Ya bar su. Kullum sai ya ɗaga kwalba gaban masu saye ya kwankwaɗe.

Jikinsa ya ƙi ƙodar. Ƙafafu suka kumbura. Aka nemi wata, wa zai bayar? Shi ya koya wa gari cewa ba a bukata. Haka ya rasu.

Ya 'yan uwa, ɓoye alheri zalunci ne. Wanda aka ba, ya faɗa da ƙarfi, don mai shakka ya samu ƙarfin hali. Wanda ɗan'uwansa ke kwance, ya je a gwada jininsa, ko da zai kau da kai yana salati. Allah ya kiyaye mu da butulci, ya ba marasa lafiyarmu masu jinƙai.

Maganin dai yana nan a kasuwar Tibiri. Ɗan mai maganin ke sayarwa, da muryar marigayin a lasifika tana cewa ya warke.