Geron Yakubu a Hanyar Kelle

A garin Gure an yi wani mutum mai suna Yakubu, tsohon soja daga ƙasar Maraɗi, wanda ya sayi babbar mota yana fataucin gero. Kirista ne, kuma duk cikin 'yan tsirarun Kiristocin garin ba wanda ya kai shi dukiya. Aibinsa ɗaya: ya ɗauka arzikinsa shaida ce cewa Allah ya fi son shi. Ba ya fashin fitar da ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma, amma daga nan hannunsa ya rufe ke nan.

Da fari ya tsananta a shekarar 1974, makiyayan da dabbobinsu suka mutu suka cika bakin gari. Ɗakin ajiyar Yakubu kuwa cike yake da buhuna. Wata Lahadi bayan sujada, Mushe Ma'azu, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ke jagorantar addu'a, ya roƙe shi ya buɗe ɗakin. Malamin ya ce ushiri mafarin bayarwa ne, kuma yunwa ba ta tambayar addinin mutum.

Yakubu ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Na ba Allah nasa. Saura nawa ne, da gumina na samu. Wanda Allah ya hana, ba ni zan gyara masa ba."

Matarsa Saratu ta bar shi sai da suka koma gida, sannan ta gaya masa za ta dafa wa mutanen nan abinci ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya sa wa ɗakin kwaɗo. Ita kuma ta sayar da kwanonin aurenta, ta haɗa kai da maƙwabciyarsu Yakura, Musulma, suka riƙa dama kunu a ƙofar gida. Abin ya yi wa Yakubu zafi, har ya daina zuwa sujada.

Da ya ji gero ya fi tsada a arewa, sai ya loda buhunan duka, fiye da ƙarfin motar. Saratu ta tsaya a gabansa ta ce, "Maigida, ka bar ko na iri ne, damina ta kusa." Ya ce ta kauce, ya ja mota.

Kusa da Kelle motar ta kafe cikin yashi, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Mutanen wani ƙauye suka fito da 'yan jakunan da suka rage musu. Dattijonsu, Aisami, ya nuna masa hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ya ce za su kwashe geron su kai rumfa, shi kuma ya ba su abin da ya ga dama su shuka. Yakubu ya dubi ramammun fuskokinsu, ya tabbata in buhuna suka shiga ƙauyen ba za su fito ba.

"Ko ƙwaya ɗaya ba za ku taɓa ba," in ji shi. Ya hau saman kayan ya zauna da sanda a hannu.

Ruwan da ake ta roƙo ya sauko kamar da bakin ƙwarya, washegari ya ƙara. Tsohon tamfol ɗinsa bai tare komai ba. Kafin makaniki ya iso daga Damagaram, geron ƙasa ya ruɓe yana ɗoyi, na sama ya tsiro ta cikin buhuna. Da hannunsa Yakubu ya yi ta farke su yana zubarwa a gefen hanya, mutanen ƙauye suna kallonsa daga nesa. Motar ba ta ƙara tashi ba. Ya koma Gure a kan raƙumin wani matafiyi, ya shige ɗaki, ya daɗe bai iya haɗa ido da kowa ba.

Darasi a nan shi ne, dukiya amana ce, ba lambar yabo ba. Mai bi na gaskiya ba ya tambayar mafi ƙanƙantar abin da zai bayar don ya huta. Yana duban buƙatar maƙwabcinsa, ko wane ne shi, ya buɗe hannu tun abin yana da amfani.