Ƙoƙon Mahaifin Dagaci

Dagaci Barau ya ƙwallafa rai a kan filin gidan burukutun tsohuwa Tambai. Ya kira ta fada.

"Kin ce shekararku hamsin kuna dafa giya a nan. Kawo mutumin kirki da ya shaida, ko a rushe gidan."

Mashayan zamanin sun mutu, ragowar sun zama alhazai, ba mai buɗe baki.

Tambai ta dawo da tsohon ƙoƙo. "Ranka ya daɗe, a gidanmu kowane mashayi da ƙoƙonsa. Wannan na mahaifinka ne."

"Ƙarya kike! Na Baba yana da ɗinki a gefe. Tun zamanin uwarki a bakin ƙofa ake rataye shi."

Tambai ta dubi fadawa. "To, ga shaidata. Ko ba mutumin kirki ba ne?"