Saiwar Tsamiya a Ƙasan Rijiya

Akwai wani mutum mai lambu a bakin fadama, yana noman albasa da tattasai da rani. A tsakiyar lambun yana da rijiya mai ruwan sanyi, mai daɗin sha. Mutumin ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Ba ya sata, ba ya shan giya, ran Lahadi kuwa kafin a buga ƙararrawa ya riga ya zauna a bencinsa a majami'a. Abu ɗaya ne ya cika masa baki, wato "nawa". Lambuna, albasata, rijiyata, ruwana. Da ana iya kewaye iska da shinge, da ya kewaye tasa.

Ya zagaye lambun da ƙaya har ta fi tsayin mutum. Ya rufe bakin rijiyar da fallen kwano ya danne da dutse, don kada ƙudan zuma su sauka su sha. In kurciya ta sauka a bakin fangalin albasa, sai ya jefe ta da hoge. Awakin unguwa kuwa sun san sandarsa sarai, in sun hango shi sai su sake hanya.

Bayan shingensa akwai wata tsohuwa gwauruwa, ana ce da ita Gwaggo Tabita. Tana da 'yar rijiyarta da ɗan fegin alayyafo, da wata babbar tsamiya da ta girmi kowa a unguwar. Mai lambun ya ƙi jinin tsamiyar nan, domin da yamma inuwarta takan faɗo kan fangalinsa na gefe, ganyenta kuma yana zubo masa. Ya yi magana, ya sake yi, tsohuwar ta ce ba za ta sare itacen da ta tarar ba. Tun daga nan ya janye gaisuwarsa. Ko a bakin majami'a suka haɗu, sai ya sami abin dubawa a ƙasa.

A wannan gari, in rijiya ta cika da laka za a yashe ta, gayya ake kira. Mutum ɗaya ya sauka, maza su riƙe igiya, mata su riƙa kwashe lakar da ake fitarwa. Al'adar kuwa ita ce, duk wanda ya sa hannu a igiyar nan ya sami ikon ɗiban ruwa a rijiyar, shi da gidansa, ba mai hana shi.

Sai aka yi wata shekara bazara ta yi tsanani. Ƙasa ta daddare, fadama ta bushe har tsakiya. Rijiyar mai lambun ta yi ta ja da baya, har guga ya koma fitowa da taɓo. Albasar da ta fara yin kai ta soma kwanciya, ganyenta ya yi rawaya. Ita ce abincin gidansa har damina ta faɗi, in ta mutu ba shi da wani abin da zai kama.

Matarsa Briskila ta ce masa, "Maigida, a kira gayya mana. Albasar nan ba za ta ƙara jimrewa ba."

Ya ce, "In na kira su yau, gobe kowa ya zo mini da tulunsa. Ni na haƙa rijiyata, ni zan yashe ta. Ke dai ki tsaya a baki ki riƙa ja mini guga."

Ta ce, "Ai marigayi mijin Gwaggo ne ya riƙa ja maka ƙasa sa'ad da kake haƙa ta."

Ya ɗaure fuska kamar bai ji ba. Briskila ta san mijinta, sai ta tashi ta nemo guga da igiya.

Da safe ya ɗage kwanon daga bakin rijiyar, ya ɗaura igiya a turke, ya sauka yana taka ramukan da aka sassaƙa a jikin bango. Ya shiga aiki. Yana cika guga da laka, Briskila tana ja tana zubarwa, har rana ta take tsaka. Hannuwansa suka yi nauyi, ƙafarsa ta nutse a taɓo, amma ko ɗigon ruwa mai kyau bai gani ba.

Can ƙasa, daf da dutsen da daginsa ya kasa fasawa tun ran da aka haƙa rijiyar, sai hannunsa ya taɓa wani abu mai tauri. Ya share lakar ya duba. Saiwa ce, kaurinta kamar damtsen mutum, ta ɓullo ta jikin bango daga wajen gidan Gwaggo Tabita. Ya ɗan kankare bayanta ya shinshina, ya gane ta tsamiya ce.

Ya ɗaga murya ya ce, "Briskila, sauko mini da gatari. Na kama ɓarawon ruwana."

Ta sa gatarin a guga ta zura masa. Amma wurin ya matse, ba filin da zai ɗaga hannu ya sara. Sai ya ɗauki dagi ya shiga buɗa ƙasar da ke kewaye da saiwar. Ya buga, ya sake bugawa. Wani babban curin yumɓu ya ɓalle ya faɗo a gabansa.

Sai ga ruwa. Ya fito garau, da sanyi kamar na randa, yana bin jikin saiwar yana gangarowa. Mutumin ya tsaya da dagi a hannu. Ya sunkuya ya duba da kyau, ya ga ashe saiwar ce ta tsaga dutsen. Shekara da shekaru tana kutsawa a hankali cikin duhu, ba wanda ya sani, har ta buɗe abin da ƙarfe ya kasa buɗewa, ruwan kuma ta hanyarta yake shigowa. Duk abin da ya sha daga rijiyar nan, duk albasar da ya taɓa kaiwa kasuwa, ta wannan tsagar suka zo.

Yana tsaye a haka sai ya ji wani sauti daga cikin ƙasa, dum. Ruwan da ya taru a idon sawunsa ya yi rawa. Ya kasa kunne. Jim kaɗan ya sake ji, dum, ruwan ya sake motsi. Sai ya gane gugan Gwaggo Tabita ne yake faɗawa a tata rijiyar, can bayan shinge. A sama akwai ƙaya tsakaninsu da gaba ta shekaru, a nan ƙasa kuwa ba komai. Ruwa ɗaya ne yake kwance a ƙarƙashinsu duka, in an taɓa shi a can sai ya amsa a nan.

Ya ɗaga kai. Sararin sama ya koma ɗan da'ira mai haske kamar faifai, fuskar matarsa tana gefe. Da yake bakin rijiyar a buɗe yake, ƙudan zuma sun ji ƙanshin ruwa sun sauko, sun manne a jikin bango suna tsotsar danshi. Zanzaro yana ɗiban laka don ginin ɗakinsa. Wani kwaɗo da ya binne kansa tun farkon rani ya fito daga taɓo ya zauna kusa da ƙafarsa, maƙogwaronsa yana motsi, yana numfashi yadda shi ma yake yi. Mutumin ya dubi kwaɗon, ya dubi saiwar, ya dubi hannuwansa da laka ta rufe har ba a bambanta su da bangon rijiyar. Ya ga dukansu masu ƙishi ne, dukansu kuma wuri ɗaya ake shayar da su.

Tsoro ya kama shi, irin tsoron da yake haɗe da murna. Bai taɓa jin kusancin Mahaliccinsa haka ba, ko a cikin majami'a. Gatarin ya suɓuce daga hammatarsa ya nutse, bai nema ba. Hawaye ya zubo masa, ya ce a hankali, "Ya Ubangiji, ashe ban taɓa mallakar ko ɗigo ɗaya ba."

Bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Muryar Briskila ce ta farkar da shi, tana cewa, "Maigida, ruwan ya kai maka ƙugu. Fito."

Ya kama igiya ya sa ƙafa a ramin farko, ramin ya zube, domin bangon ya jiƙe. Ya gwada na biyu, shi ma ya narke. Ya yi ƙoƙari ya hau da ƙarfin hannu kawai, amma aikin yini ya cinye ƙarfinsa, ya zamo ya faɗa cikin ruwan. Briskila ta ja igiyar iyakar ƙarfinta, ko motsi bai yi ba. Ruwan kuwa bai tsaya ba, ya kai ƙirji.

Ta leƙo ta ce, "Maigida, in kira mutane?"

Ta san abin da take tambaya, shi ma ya sani. Ya ce, "Kira su. Kira kowa."

Ta ruga bakin shinge ta kira Gwaggo Tabita, tsohuwar ta yi kururuwa, maza suka yo gudu daga lambunansu. Sai da suka sa adda suka datse ƙayar kafin su sami hanyar shiga. Suka zura masa madauki ya sa a ƙarƙashin hammata, suka jeru a kan igiyar. Gwaggo Tabita ba ta da ƙarfin ja, duk da haka ta riƙe wutsiyar igiyar da hannu biyu. Suka ja tare, har kansa ya ɓullo, suka kwantar da shi a ƙasa yana haki.

Tsohuwar ta matso ta tsuguna ta ce, "Sannu, ɗana. Me ka tsaya kallo a can har ruwa ya kusa cinye ka?"

Ya ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Na ga ruwanki a rijiyata. Tsamiyarki ce ma take kawo mini shi."

Ta ce, "Ba nawa ba ne, ɗana. Ni ma tarar da shi na yi."

Wani daga cikin mazan ya ce cikin zolaya, "To, mun dai riƙe igiya. Gobe da tuluna za ka gan mu."

Mai lambun ya yi dariya yana share ido, ya ce, "Ku zo. Ku zo da awakinku ma."

Ba su watse ba sai da suka yi layi daga bakin rijiya zuwa fangali, suna miƙa wa juna ruwa, suka shayar da albasar duka. Kafin mako ya zagayo ta miƙe tsaye, gidan ya ci daga cikinta har damina ta sauka.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwana. Rijiyar nan zuciyarka ce. Ruwan kuwa shi ne ran da Allah ya ba mu, wanda ba mu yi shi ba, ba mu kuma san inda ya faro ba. Allah ne ya hura numfashi a hancin mutum, shi ne kuma yake rayar da tsamiya da kurciya da kwaɗon da ke cikin taɓo. Mafari ɗaya gare mu duka. A sama ne muke da gonaki dabam dabam, da harsuna, da sunayen kabila, da shingaye. In ka yi zurfi, ba za ka sami ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da yawanmu mun yi shekaru muna tsaye a bakin rijiyar. Muna zuwa sujada, muna rera waƙa, muna ba da baiko, amma ba mu taɓa sauka ba. Laka tana taruwa a ciki, lakar son kai da riƙo da raini, mu kuwa muna cewa lafiya lau, tun da guga yana fitowa da ɗan abu. Sau da yawa sai bazara ta zo, ciwo ko rashi ko wata wahala, sa'an nan mutum yakan yarda ya shiga cikin kansa. Kada ka ji haushin wannan saukar. A can ne Ruhu Mai Tsarki yake buɗe idon mutum, ya nuna masa abin da yake nan tun dā, bai dai gani ba.

Ku lura kuma da saiwar. Mutumin nan ya nemi gatari don ya sare abin da yake shayar da shi. Ina jin tsoron wannan ƙwarai, domin na ga muna yinsa. Wanda kake kira ɓarawon albarkarka, wataƙila ta hanyarsa Allah yake kawo maka ita. Wata tsohuwa da ka raina tana ambaton sunanka a addu'arta. Wani da ba addininku ɗaya ba shi ya noma hatsin da ka ci da safe. Itacen da ka sare don haushi, da tsuntsun da ka kashe ba don ci ba, Mai su yana ganinsu, kuma abin da ka yi musu zai iso rijiyarka.

Mutumin ya ga gaskiya shi kaɗai a ƙasa, amma bai iya fitowa shi kaɗai ba. Ba wanda Allah yake farkar da shi don ya zauna a rami yana jin daɗin abin da ya gani. In idonka ya buɗe da gaske, za a san haka ta wurin wanda ka gaisar, da wanda ka buɗe wa ƙofa, da yadda ka bi da dabbar da ke hannunka.

Yanzu kafin mu yi addu'a, kowa ya yi shiru. Ka saurari numfashin wanda yake zaune kusa da kai. Iskar da ta fito daga ƙirjinsa ita kake shaƙa, taka kuma ita take shiga nasa, ba wanda ya nemi izinin wani. In akwai wani a ɗakin nan da ka daina yi wa magana, ka sani tun da aka fara sujada kuke shaƙar numfashin juna, Allah kuwa bai hana ɗayanku ba. Kada ka fita ƙofar nan ba ka gaishe shi ba. Amin.