Yaɓen da Kurege Ya Yi wa Ɓauna

Ga wata nan ta iso, ku matsa ku ba ta wuri.

A wata shekara Kurege ya cinye gyaɗarsa tun rani bai raba ba. Ya ci ta ci, ya ci ta iri, har wadda ya binne ya ce ta baƙo ce, ya tone ya ce ai shi ma baƙo ne a duniya. Saura wata biyu damina ta faɗi, cikinsa kuwa ya lafe kamar jakar da aka zazzage.

Yana kwance a gindin ɗorawa yana lissafin yunwa, sai ya ji Zanzaro, maginin nan mai siririn ƙugu, yana aikin ɗakinsa yana yi wa matarsa faɗa.

"Yaɓe lokaci gare shi, ke dai ba ki ji. A yi shi da tsakar rana, ya tsattsage. A yi da ƙasar da ba ta kwana ta ruɓa ba, ya zube. Yanzu ne lokacinsa, a yi da sanyin safiya, ya bushe tun hadari bai fara leƙowa ba."

Kurege ya kwashe maganar nan kaf ya zuba a kunne. Ya tuna rumbun Ɓauna, wanda daminar bara ta zaizaye wa bango har tubala suka fito kamar haƙoran tsohuwa. Rumbun cike yake. Matsalar ɗaya ce: Ɓauna ta san shi, don bara ta kama shi a gonarta, ta rantse in ta sake ganin farin layin nan na haƙarƙarinsa sai ta taka shi.

Da gari ya waye ya tafi kududdufi, ya yi birgima cikin jan taɓo har layin ya ɓace, ya shafe jelarsa ta zama kamar muciya, ya kifa wata tsohuwar malafa. Ya isa ƙofar Ɓauna yana kirari.

"Ga Sarkin Laso, mai shafe bango ƙuda ya sauka ya zame! Ni na yaɓe suri, gara ta rasa ƙofar gida! Ni na yi wa ƙwai yaɓe, har yau ba a ga bakin aikin ba!"

Ɓauna ta fito tana tuƙa. "Sannu da zuwa, Sarki. Allah ne Ya kawo ka. Dubi rumbuna."

Ya zagaya rumbun sau uku, yana ƙwanƙwasawa yana girgiza kai. "Iya, wa ya yi miki wannan aikin? Kada ki faɗa, kada raina ya ɓaci. Sai an yi makuba. Kawo ɗorawa buhu uku."

Makuba dai da ɓawon ɗorawa ake yin ta, a jiƙa a zuba ruwan cikin ƙasa don kada ruwan sama ya ci bango. Ɓawon kawai ake so. Amma Ɓauna ba ta sani ba, ta kawo ɗorawa da garinta. Kurege ya zauna bayan rumbu ya ɓare, ya shanye garin nan mai zaƙi har bakinsa ya yi rawaya, ya watsa ɓawon a tsohuwar tukunya. Ya sa Ɓauna ta haƙo ƙasa, ta zuba ruwa da ciyawa, ta tattake da kofatanta, shi yana inuwa yana cewa, "Dama, Iya, dama! Hagu kuma!"

Nan ya ga abin da yake ciki. Ranar da aikin nan ya ƙare, ranar akushi zai daina fitowa. Ya ce a ransa, "Bangon nan ni da shi sai damina."

Da gari ya waye Ɓauna ta ce, "Sarki, a fara?"

"Ƙasa ba ta kwana ba, Iya. Kwana bakwai take so."

Da bakwai suka cika ya yi barci har rana ta take, ya fito yana miƙa. "Yanzu? Da wannan ranar? So kike ya tsage kamar ƙafar mai faso?" Washegari ya ce iska ta yi yawa. Rana ta uku ya ce iska ta yi kaɗan. Gaskiyar Zanzaro da ƙaryarsa ya kwaɓa wuri guda, har shi kansa ba ya rabewa. Tuwo kuwa safe da yamma, har taɓon jikinsa ya fara tsagewa don ƙiba, kullum sai ya ɓuya ya ƙara shafi.

Ana nan sai Kura, maƙwabciyar Ɓauna, ta ji labari ta zo, ta ce ita ma katangarta ta rarake.

"Taki laso take so," in ji Kurege. "Kin san laso?"

Laso wani shafi ne mai ƙarfi da magina ke yi wa bango daga waje, ba shi da haɗi da baki ko kaɗan. Kura ba ta taɓa ji ba, amma ba ta son a raina ta. Ta ce, "Na sani mana. Tuna mini dai."

"Sunansa ya faɗa miki. Abin da ake lasa. Da zuma ake haɗa shi, tulu biyu."

Kura ta tafi daji, ƙudan zuma suka yi mata kaca-kaca, ta dawo ido ɗaya a rufe da tulu biyu. Kurege ya karɓa ya ce zuma ma sai ta kwana arba'in. Ya ajiye a gidan Ɓauna, kullum yana duba ta da yatsa biyar.

Haka aka yi ta yi har bazara ta shigo. Zafi ya tsananta, itatuwa suka fara toho, kwaɗi suka fara gyaran murya.

Da gari ya waye, ga gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Ɓauna ta tsaya a kan Kurege, ƙahoninta sun tare masa sama.

"Sarki, abincina da na 'ya'yana na shekara yana cikin rumbun nan. Yau za ka yi, ko na yaɓa ka a jikinsa."

"Wannan ɗan hadarin?" Kurege ya yi dariya. "Na ɗaure shi. Ba zai zubo ba sai na ce." Ko in sha Allahu bai saka ba, kamar sama gonar ubansa ce.

Suka je wurin ƙasar, ashe ta bushe ta zama dutse, don tun ranar farko bai sake zuba mata ruwa ba. Tukunyar makuba kuwa kaji sun kifar. Ya sa aka kwaɓa sabuwa cikin gaggawa, ruwa tsululu. Ya ɗebo da hannunsa ya maka a bango, ya yi tsalle ya sake makawa, duk iyakar aikinsa bai wuce tsayin ludayi ba. Rumbu kuwa yana can sama yana kallonsa.

Sai ga Kura ta zo bin zumarta. Dabara ta faɗo masa. Ya juye ragowar zumar cikin taɓo ya ce, "Yauwa, ga mai dogon harshe! Yau za ki koyi laso a kyauta. Iya za ta maka ƙasa, ke ki bi da harshe ki lailaye. A hankali, ban da haɗiya."

Kura ta kai harshe sau ɗaya. Idonta mai lafiya ya lumshe. Ɓauna ta maka, Kura ta lashe. Ta sake makawa, ta sake lashewa, har da tsohon yaɓen da ya rage tun bara.

"Ke, ban da haɗiya na ce!"

"Ba haɗiya nake ba, Sarki, shi ke wucewa."

Tana cikin haka hancinta ya gaya mata akwai inda zuma ta fi yawa. Wanda ya yi kwanaki yana shan zuma yana goge hannu a jiki, ai ƙamshi ba ya ɓuya. Ta sunkuyo ta ja masa harshe tun daga wuya har gindin jela. Taɓo ya tafi, farin layi ya fito fes.

Kurege ya yi maza ya juya wa Ɓauna ɗaya gefen, ya ci gaba da ba da umarni yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Saura ƙiris ya tsira, don Kura ba ta kula da layi ba, daɗi take nema. Amma Mai sama bai karɓi ɗaurin kowa ba. Iska ta taso ta fizge malafa, aka yi tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ɗanyen yaɓe ya sulale daga bango, na jikin Kurege ya bi shi, jela ta baje.

Ɓauna ta tsaya tana kallo, ruwa na zuba daga ƙahoninta. "Kai ne? Kai na yi wa tuwo kwana hamsin?"

"Iya, tsaya ki ji, Sarkin Laso ya tafi sauri ne, ni ƙanensa ne..."

Ta sa ƙaho ta ɗebe shi. Ya tashi sama, ya bugi rumbu, ya gangaro, Kura ta cafki jela, ya fizge ya bar mata gashi cike da baki. Ya bi ta magudanar ruwa, ya kutsa ƙaya, ya faɗa raminsa da ƙulu a goshi kamar goriba.

Ɓauna ba ta bi shi ba. Ta koma da gudu tana jan zana da asabari tana lulluɓe rumbu, tana kiran 'ya'yanta su kwashe dawar da ta jiƙe. Rabin dawar ya tsira, alhamdu lillahi, yaɓe kuma sai wani ranin.

Kurege ya shafa ƙulunsa, ya shafa tumbinsa, ya ga tumbin ya fi girma. Ya leƙo da kai cikin ruwan ya ɗaga murya.

"Iya! Na ga tsakar ɗakinki ma ta farfashe! In kin shirya ki aiko, ni asalin sana'ar gidanmu daɓe ce!"

Wani tubali ya taho yana wuwwu, ya maida kai ciki.

Ƙurunƙus, a bakin ramin nan na baro ta. Wanda bai wanke hannu ba ya tashi, tuwo ya sauka.