Jan Turke a Madatsar Dorina

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta taho mu saurara.

Na san za ku musa mini, alhali ba a taɓa kama ni da ƙarya ba: an yi Dorinar da ta roƙi a bar mata alamar haɗari a madatsar ruwanta.

Dorina ce ta tare rafi da jar ƙasa, ta daddaɓe da ƙafafunta. Gab da damina Kunkuru, mai duba madatsu, ya zagaya ya kafa jan turke a madatsarta, alamar haɗari.

Dorina ta ce, "Malam Kunkuru, ja? Madatsar Kada yoyo take yi, amma fari ka kafa masa! Ina zan sa fuskata a dajin nan?"

Kunkuru ya ce, "Ranki ya daɗe, aikinki ba shi da aibu. Ta Kada in ta ɓalle, ciyawa kawai za ta ci. Taki fa? Leƙa ƙasa."

Ta leƙa. Sai ga Bushiya da 'ya'yanta bakwai, sun gina gida a gindin madatsar.

Bushiya ta ɗaga kai ta ce, "Yaya, sannu da aiki! Don mun yarda da ke muka tare nan."

Dorina ta juya wajen Kunkuru. Ta ce, "Malam, bar turken, ka ƙara masa ja don kar in manta."

Ranar ta haƙa wa ruwa mafita ta gefe. Da aka kwana uku ana ruwa, ambaliya ta bi ta can, ko ƙofar Bushiya ba ta taɓa ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Mai shakka ya je ya tambayi Bushiya.