Ranar Dashen Baba Zarami

Akwai wani matashi a Haɗeja mai suna Tukur, yana da injin ban-ruwa. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba. Kowa ya neme shi sai ya ce, "An gama!" Idan ranar ta zo bai samu zuwa ba, sai ya kife waya ya yi gum. Wai shi a ganinsa kara ce yake yi wa mutane.

Baba Zarami aminin marigayi mahaifinsa ne. Yana da 'yar gonar shinkafa a fadamar Guri, da ita yake ciyar da gidansa. Da lokacin dashen rani ya zo, ya roƙi Tukur ya je ranar Alhamis ya cika masa gonar da ruwa.

"Baba, kafin hantsi za ka ji ƙarar injina," in ji Tukur.

Tsoho ya yarda. Ya kira gayya, matarsa Inna Zainaba ta dafa abinci. Da sassafe aka tuge irin shinkafar gaba ɗaya, aka tara a bakin gona ana jiran ruwa.

Tukur kuwa abokai sun ja shi ɗaurin aure Kaugama. Waya ta yi ta ƙara a aljihunsa. In ya ga sunan Baba sai ya ce a ransa, "To me zan ce masa? Gobe na je." Goben ma bai je ba, don yanzu nauyin haɗa ido da tsohon yake ji.

Sai bayan kwanaki ya ɗaura inji a babur ya tafi, yana ta shirya uzuri a hanya.

Ya tarar da gonar a bushe ƙamas. Irin da aka tuge ya zama ciyawa, ga Baba Zarami a tsugune yana tattara shi don awaki. Babu wani irin, kuma lokacin zuba sabo ya wuce.

"Baba, wallahi..."

"Lafiya dai ko, ɗana? Da ba ka ɗauki waya ba, Innarka har kuka ta yi, ta ɗauka haɗari ka yi a hanya."

Tukur ya sunkuyar da kai. "To Baba, ba wanda zai ara maka inji?"

"Yakubu maƙwabcina ya kawo nasa har nan," in ji tsohon. "Na ce ya wuce da shi, Tukur na hanya. Ban so ka iso ka tarar da injin wani a gonata, ka ce ban yarda da kai ba."

Tukur ya zauna a ƙasa kusa da tarin busasshen irin, ya kasa ɗaga ido.

Darasi: Idan ba za ka samu zuwa ba, ka faɗa da wuri. Shirunka ba kara ba ce, wulaƙanci ne, kuma wanda ya fi yarda da kai shi ya fi cutuwa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu "an gama" ɗin nan.